Tsohon wardi mai hawa: yadda ake renonsa a ƙasar ƙanƙara, ƙasar ruwa da ƙasar zafi

Akwai wani wardi mai hawa da ake kira 'Maréchal Niel', an fitar da shi a Faransa a 1864. Furensa ruwan ɗorawa ne, ga nauyi har yana sunkuyar da kai. A Ingila tun can da a ɗakin gilashi ake renonsa, domin sanyin waje yana kassara shi. A Indiya da jihohin kudu na Amurka kuwa a fili yake zama, ya lulluɓe rumfa ba tare da wata tarairaya ba. Shi ma 'Souvenir de la Malmaison' mai hawa haka yake: inda iska take a bushe furensa yakan buɗe fal da ƙamshi, inda ake yawan yayyafi kuma sai fatun furen na waje su manne, ya ruɓe a dunƙule bai buɗe ba. Wanda bai san wannan ba sai ya zargi taki ko hannunsa, alhali tun wajen zaɓen iri aka yi ɓatan kai.

Idan masana suka ce "tsohon wardi", suna nufin dangogin da ake da su kafin 1867, shekarar da aka fitar da 'La France', wanda daga kansa ake lissafin wardin zamani. Dangin ake dubawa, shi ya sa 'Madame Alfred Carrière' na 1879 yake cikin tsofaffi, tunda danginsa sun girmi wannan shekara. Kalmar "mai hawa" ita ma tana ruɗin mutane. Wardi ba ya naɗe sanda kamar wake, ba shi da 'yan zaren kamawa irin na soso ko kabewa. Dogayen rassa kawai yake fitarwa, ya jingina su da abin da ya samu, ƙayarsa ta maƙale. Hawan, kai ne za ka yi masa da igiya.

Fara da tambayar jininsa

Tsofaffin wardin Turai da Gabas ta Tsakiya, wato dangin Gallica da Alba da Damask, sau ɗaya suke fure a shekara, kuma sai sun sha sanyi sun yi barci kafin su yi shi. Duk wanda ya sayo ruwan wardi ko man wardi na Ɗa'ifa a Saudiyya ya taɓa wannan dangi: Damask ne, ana nomansa a tudu mai tsayin kusan mita 1,800, ana tsinkar furen a watannin Maris da Afrilu bayan sanyin tsauni. Ka sauko da shi ƙasa mai zafi duk shekara, ganye zai yi ta ba ka.

A ƙarshen ƙarni na 18 aka kai wardin ƙasar Sin Turai, irin su 'Old Blush', waɗanda ba su san barcin hunturu ba, suna fure suna maimaitawa muddin akwai ɗumi da ruwa. Daga haɗa jinin biyu aka samu dangogin da suka fi ba da masu hawa. Dangin Noisette sun faro ne a Charleston ta jihar South Carolina a farkon shekarun 1800, a hannun wani manomin shinkafa, John Champneys, wato haifaffun ƙasa mai zafi da gumi ne. Dangin Bourbon sun fito daga tsibirin da yanzu ake kira Réunion, a tekun Indiya. Sai dangin Tea, waɗanda su ma ɗumi suke so. Akwai kuma wani rukuni daban, masu barbaza, irin su 'Félicité et Perpétue', 'Albéric Barbier' na 1900, 'Dorothy Perkins' na 1901 da 'Albertine' na 1921: galibi rassansu sirara ne masu lanƙwasa, girmansu ba kaɗan ba, furensu sau ɗaya amma a yalwace.

Inda sanyi yake matsakaici kuma ruwa ya wadata, kamar Ingila da arewacin Faransa, 'Madame Alfred Carrière' ne ba ya ba da kunya. Fari ne mai ɗan ja-ja, yana kai mita 5 zuwa 6, yana jure bangon da rana ba ta cika samu ba. Shi aka dasa a bangon ƙaramin gidan da ke lambun Sissinghurst na Ingila tun 1930. 'Zéphirine Drouhin' na 1868 ba shi da ƙaya, don haka ake sa shi bakin ƙofa da inda yara ke wucewa, sai dai da wuya ka ga wardin da ya kai shi kwasar cutar ganye. 'Gloire de Dijon' na 1853 yana da kyau da ƙamshi, amma idan ya manyanta gindinsa yakan zama tsirara, ganye da fure duk a sama.

Inda ake zafi da gumi, kamar Florida da Louisiana da gaɓar Texas a Amurka, a tsaya kan Noisette da Tea da 'yan Sin: 'Rêve d'Or' na 1869, 'Lamarque' na 1830, 'Crépuscule' na 1904, da 'Old Blush' mai hawa. Jami'ar Texas A&M ta gwada wardi iri-iri ba tare da feshin magani ba, 'Rêve d'Or' yana cikin waɗanda suka tsallake. Akwai kuma 'Peggy Martin', wanda ya yi mako biyu a ƙarƙashin ruwan gishiri lokacin guguwar Katrina a 2005 a Louisiana, ya sake tohowa. Bourbon a irin wannan wuri wahala ce, rabin shekara a tuɓe yake ba ganye.

Inda ake zafi amma iska a bushe, kamar Arizona da cikin Ostareliya da ƙasashen bakin Bahar Rum, Bourbon ɗin nan da ya sha wuya a gumi shi ke haskawa. Nan ne kuma gidan wardin Banks, ɗan asalin Sin, mai ƙananan furanni farare ko ruwan ɗorawa. Wanda aka dasa a garin Tombstone na Arizona a 1885 daga reshen da aka aiko daga Sikotland yana nan da rai, inuwarsa ta haura murabba'in mita 700. Wannan ya ishe ka gargaɗi: kada ka sa shi a jikin 'yar dangar kara.

Inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 25 a ƙarƙashin sifili, kamar Minnesota da yawancin Kanada, zaɓin ya yi kaɗan. 'Madame Plantier' na 1835 da 'Baltimore Belle' na 1843 suna cikin tsofaffin da ke da juriya. Da yawa daga masu lambun can sukan haƙura su koma kan na zamani irin 'William Baffin', wanda aka fitar a Kanada a 1983 musamman don wannan sanyi.

Gindin da aka yi auren a kansa

Yawancin wardin sayarwa ɗan aure ne, kamar mangwaro: saiwa ta wani iri ce, sama ta wani. A Ingila gindin 'Laxa' aka fi amfani da shi, a Amurka 'Dr. Huey', a Indiya an daɗe ana amfani da 'Rose Edouard'. A Florida da yankin Perth na Ostareliya, inda ƙasa rairayi ce cike da tsutsar saiwa wadda ido ba ya gani, 'Fortuniana' ake nema, domin shi ke jure ta. Wardin da ke kan wani gindin a irin wannan ƙasa yakan yi kyau shekara biyu ko uku, sannan ya yi ta ƙanƙancewa. Idan ka tone shi sai ka ga saiwar duk ƙulle-ƙulle, irin wanda manoman tumatir suka sani. 'Fortuniana' kuma ba ya jure ƙanƙara, saiwarsa a sama-sama take bazuwa, don haka ba a kaftu kusa da shi.

Ƙullin auren, wato kumburin da ke tsakanin saiwa da rassa, shi ke nuna zurfin dashe. A ƙasar ƙanƙara a binne shi santimita 5 zuwa 10 a ƙarƙashin ƙasa, don ko sama ta mutu ya sake fitowa. A ƙasa mai ɗumi a bar shi daidai da fuskar ƙasa. Mai gindin 'Fortuniana' a bar nasa a sama, kamar yadda yake a leda.

Ga abin da ke faruwa da wanda bai lura ba. Wata rana sai wani toho mai ƙarfi ya ɓullo daga ƙasa, ganyensa ya ɗan bambanta, yana girma ninkin sauran. Mai lambu ya yi murna ya ɗaure shi a waya. Bayan shekara biyu farin wardinsa ya ɓace, sai wani ja mai duhu da ke fure sau ɗaya. 'Dr. Huey' ne ya ƙwace gidan. Duk tohon da ya fito daga ƙarƙashin ƙullin aure, a tone ƙasa har inda ya tsiro, a fizge shi da hannu. Idan aka yanke da almakashi, idanun da ke gindinsa suna nan, biyu ko uku za su fito a madadinsa.

Bango, waya da rami

Littattafan Turai za su ce maka bangon da ke kallon kudu shi ne mai rana. Gaskiya ne a can. A Ostareliya da Afirka ta Kudu mai kallon arewa ne. A wajen Kano kuwa, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take ratsawa da tsakar rana, sauran shekara ta kudu. Abin da ba ya canjawa a ƙasar zafi shi ne gabas da yamma. Bangon da ke kallon gabas yana samun ranar safe har hantsi ya wuce, ya huta da la'asar. Mai kallon yamma yana shan ranar azahar zuwa la'asar, siminti ya ɗauki zafi ya yi ta mayar wa shukar har dare. Awa shida na rana wardi ke so, a ƙasar zafi kuma awa biyar na safe sun wadatar.

A kafa abin hawa kafin a dasa. Waya mai kauri wadda ba ta tsatsa, a ja ta a kwance, layin farko santimita 50 daga ƙasa, sauran kowane santimita 40 zuwa sama. A bar tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakanin waya da bango, don iska ta riƙa bi ta baya. Wanda ya manna rassa da bango ya gayyato cutar farin gari da kansa. Bututun ƙarfe ko rodi a rana mai digiri 40 yana ƙona duk reshen da ya taɓa shi, sai ka ga baƙin tabo daidai inda suka haɗu. Ko a yi da katako, ko a naɗe ƙarfen da igiya. Babban Noisette da ya jiƙe da ruwan sama nauyinsa ba na wasa ba ne, don haka dirkokin rumfa su shiga ƙasa aƙalla santimita 60.

Ramin kada ya matsi bango. Gindin bango ya fi ko'ina bushewa, rufi yana tare masa ruwa, harsashin gini yana zuƙe danshi, ga ɓaraguzan siminti da magina suka binne. A ja baya santimita 45 zuwa 60. Faɗin rami santimita 60, zurfi 50. A cakuɗa ƙasar da aka fitar da bokiti ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen takin shanu, wanda ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona sabuwar saiwa cikin kwanaki. Kafin dashe a cika ramin da ruwa a gani: idan aka kwana bai tsotse ba, wurin yana riƙe ruwa, sai a ɗaga kunya santimita 30 a dasa a kai. Idan shukar ta zo da saiwa tsirara, a jiƙa ta a bokiti ta kwana. A karkata ta kaɗan wajen bango, a mayar da ƙasa, a danna da ƙafa, a zuba lita 15 na ruwa. Tsakanin manyan iri a bar mita 3. Idan wani wardi ya daɗe a wurin kafin wannan, a canja ƙasar ramin gaba ɗaya, domin sabon wardi ba ya son kwancin tsoho.

Kwantar da rassa

Nan gizo ke saƙa, kuma wannan ɗaya ne a kowace ƙasa. Reshen wardi idan ya miƙe tsaye, idon da ke can ƙoli shi ke danne na ƙasa, ya hana su tohowa. Sakamakon shi ne dogon sanda mita uku, fure uku a samansa, maƙwabci na bayan katanga ne ke morarsu. Idan aka kwantar da reshen nan a kan waya, dannewar ta karye, kusan kowane ido da ke tsawonsa sai ya fitar da ɗan reshe mai fure. Reshe ɗaya a kwance zai iya ba da abin da biyar a tsaye ba su bayar ba.

Saboda haka a riƙa bambance iri biyu na rassa. Akwai iyaye, dogayen da ke fitowa daga gindi, su ne ƙashin shukar. Akwai 'ya'ya, gajerun da ke fitowa a jikin iyaye, su ke ɗaukar fure. Iyaye ake kwantarwa, 'ya'ya ake datsewa. A zaɓi iyaye huɗu zuwa shida, a baza su hagu da dama kamar mafici, na farko a wayar ƙasa don kada gindi ya zama tsirara, sauran a bi da su sama. Ba dole su kwanta sosai ba, karkata rabin hanya tsakanin tsaye da kwance ma tana aiki. A lanƙwasa su tun suna kore, kaɗan-kaɗan cikin makonni. Wanda ya bari reshen Bourbon ya yi itace sannan ya tilasta masa, ƙarar karyewa zai ji. A jikin ginshiƙi kuwa, naɗa reshen ake yi yana zagayawa yana hawa, biyu ta dama biyu ta hagu.

Ɗauri da igiya mai laushi ko yankin tsohon yadi, a zagaya waya, a gitta, sannan a zagaya reshe, a bar sararin da ɗan yatsa zai shiga. Siririyar waya ko zaren leda yana nutsewa cikin ɓawo idan reshe ya yi kauri, ya shaƙe shi. Kuma kada a cusa reshe ta bayan waya don gudun ɗauri. Yau sauƙi ne, ranar da za a cire shi sai da zarto.

Shekara biyu zuwa uku na farko babu aski, sai cire matacce da ɗauri. Tsohon wardi mai hawa saiwa yake fara ginawa, shekarar farko ma kamar ba ya motsi. Akwai ƙarin dalili ga irin su 'Souvenir de la Malmaison' da 'Cécile Brünner' masu hawa: asalinsu gajeru ne, wani reshe ne ya yi tsayi aka riƙa yaɗa shi. Idan aka datse su ƙasa tun suna ƙanana, wani lokaci sukan koma gajerun da suke, hawan ya tafi ke nan.

Aski da lokacinsa

Mai maimaita fure ana yi masa aski lokacin da ya huta. A datse kowane ɗan reshe da ya yi fure a bar masa ido biyu ko uku, wajen santimita 10 zuwa 15, a yanka kaɗan sama da ido. Daga shekara ta huɗu, duk shekara ko bayan shekara biyu a cire uwa ɗaya mafi tsufa tun daga gindi, a kwantar da sabuwa a gurbinta. Noisette da Tea ba sa son hannu mai nauyi. Idan aka rage musu fiye da kashi ɗaya cikin uku sukan yi fushi, su yi shekara ba su murmure ba.

Mai fure sau ɗaya kuwa, a kan rassan bara yake yinsa. Wanda ya yi masa aski a hunturu ya zubar da furen shekarar da hannunsa, kuma wannan shi ne dalili na farko da ke sa a ce "wardina ganye kawai yake yi". Da zarar ya gama fure ake shiga masa. Wardin Banks ma a kan rassan da suka shekara biyu ko uku yake fure, don haka ragewa kawai ake yi. 'Félicité et Perpétue' gara a ƙyale shi, in ban da matattun rassa.

Watan askin mai maimaitawa ya danganta da inda kake. A Ingila tsakanin Disamba da Fabrairu. A jihohin kudu na Amurka wajen tsakiyar Fabrairu, da ɗan ragi a ƙarshen Agusta don furen kaka. A Afirka ta Kudu da kudancin Ostareliya, Yuli. A ƙasar ƙanƙara sai an ga idanu sun fara kumbura, a san wane reshe ne ya rayu. A filayen arewacin Indiya kuwa Oktoba ne, bayan ɗaukewar damina, fure ya zo a watannin sanyi.

A can ƙasar ƙanƙara akwai wani aikin kafin aski. A daina taki mako shida zuwa takwas kafin sanyin farko, don kada sabon toho mai taushi ya tarar da shi. A ƙarshen kaka a kwance rassan daga waya, a haɗa su a ɗaure, a kwantar a ƙasa ko cikin ɗan rami, a rufe da ƙasa, a bi da busasshen ganye mai kauri. A tone su a Afrilu. Ɓeraye sukan shiga cikin ganyen su gwaguye ɓawo, shi ya sa ake jira ƙasa ta fara daskarewa kafin a zuba shi.

Idan a ƙasarmu za a gwada

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Mambila ta fi haka, kuma wardi yana yi a wuraren nan. Matsalarsu damina ce mai tsawo, wato cutar baƙin tabo da ruɓewar fure, don haka a guji masu fure cunkus, a nemi Noisette da 'yan Sin. A Kano, Sakkwato ko Maraɗi lissafin ya fi kama da na Indiya: shukar tana jin daɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da dare kan sauka zuwa wajen digiri 15, sannan ta yi fama da bazara. A dasa a ƙarshen damina ko farkon sanyi, don saiwa ta kama kafin Maris. A Oktoba a rage ban ruwa na kwana goma don ta ɗan huta, a yi aski mai sauƙi, a zuba bokitin ruɓaɓɓen taki da cikin tafin hannu ɗaya na takin zamani 15-15-15, wajen giram 60, a zagaye nesa da gindi santimita 30, a bi da ruwa sosai. Bayan mako shida zuwa takwas fure zai fito. Masu lambun Indiya har tone saman saiwa suke yi ta sha iska 'yan kwanaki. A ƙasar jigawa da iskar hunturu wannan ganganci ne, rage ruwan ya isa.

Daga Maris zuwa saukar ruwa, burin kawai shukar ta rayu. Babu aski, babu takin zamani, domin ganye shi ke yi wa rassa inuwa, reshen da aka tsiraita kuma ɓawonsa yakan ƙone ta gefen rana. Fure zai ƙanƙance, launinsa ya koɗe, wannan ba cuta ba ce. Ruwa lita 20 zuwa 30, sau biyu ko uku a mako, da sassafe, a gindi. 'Yar yayyafa ta kullum saiwar sama kawai take rayawa, ranar da aka yi fashi shukar ta yi yaushi. A shimfiɗa buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa mai kaurin santimita 7, amma a bar tafin hannu tsakaninsa da gindi, a kuma riƙa ɗagawa ana dubawa saboda gara. Wanda zai shigo da shuka daga waje sai da izinin hukumar killace tsirrai da takardar lafiyar shuka. Wajen masu fulawa na bakin titi kuwa, sunan da aka faɗa maka ba abin dogaro ba ne, saya lokacin da take da fure a kai.

Ruwa ba ya tsami banza

Baƙin tabo funfuna ce: tabo baƙi mai gefe kamar gashi, ganye ya yi rawaya ya zube, daga ƙasa zuwa sama. Ƙwayarta tana buƙatar ganye ya zauna a jiƙe wajen awa bakwai kafin ta shiga, shi ya sa ban ruwa ta sama da yamma ya fi komai yaɗa ta. A share ganyen da ya zube a ƙone. Magani irin mancozeb kariya yake yi wa lafiyayyen ganye, ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. Farin gari, wanda ke sa toho ya yi kamar an barbaɗa masa toka ya nannaɗe, akasin haka yake: rana da ɗumi, dare da sanyi da raɓa, saiwa a bushe. 'Dorothy Perkins' a jikin bango ba ya tsira daga gare shi, a kan shinge a fili kuma da sauƙi. Garin ƙibiritu yana maganinsa, amma idan zafi ya haura digiri 30 shi kansa yana ƙona ganye.

A iska mai bushewa abokin gaba wani ɗan mitsitsin jan gizo-gizo ne da ke zama a bayan ganye. Ganyen ya yi ɗigo-ɗigo, ya koma kalar ƙasa, da siririyar yana a ƙarƙashi. A kakkaɓe ganye a kan farar takarda, idan ƙurar ta fara tafiya, shi ne. A wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi da safe, bayan kowane kwana uku, har mako biyu. Maganin ƙwari na gama-gari yakan ƙara shi, domin yana kashe ƙwarin da ke cinsa. Darɓa a kan toho, ruwa ya ishe ta, ko man darbejiya mililita 5 a lita ɗaya da ɗan sabulu, a fesa bayan rana ta yi sanyi.

Idan sabon ganye ya yi rawaya amma jijiyoyinsa kore, sinadarin ƙarfe ne ya gagara shiga, galibi saboda siminti ko ruwan rijiyar burtsatse mai kanwa-kanwa. Wardi ya fi son ƙasa mai ɗan tsami, 6 zuwa 6.5 a ma'aunin pH. Ƙarin 15-15-15 ba zai gyara ba, sai takin ƙarfe da ruɓaɓɓen taki. Idan kuma bakin ganye ne ke ƙonewa, ga farin ɓawo a kan ƙasa, gishiri ne ya taru, a kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya a wata ya tafi da shi ƙasa. A Amurka akwai wata cutar bairos da wani mitsitsin ƙwaro ke yaɗawa, wadda ke sa rassa su fito jajaye a cunkushe kamar tsintsiya, da ƙaya barkatai. Ba ta da magani, tumɓuke shukar ake yi har saiwa.

Yaɗa shi da kanka

Noisette da 'yan Sin da masu barbaza suna kamawa daga yanke kamar rogo, kuma wanda ya tashi da saiwarsa ba shi da matsalar tohon gindi. A yanki reshen da ya gama fure, kaurin fensir, tsawon santimita 20, a yanka ƙasansa daidai ƙarƙashin ido. A cire ganye a bar biyu na sama. A soka kashi biyu cikin uku a leda mai rabin rairayi rabin ruɓaɓɓen taki, a ajiye a inuwa mai haske, a kifa masa gorar roba da aka yanke gindinta, murfin a buɗe. Danshi ake so, idan ƙasar ta yi caɓa gindin zai yi baƙi ya ruɓe. A sa goma, domin ba duka za su kama ba. Tohon da ke fitowa a mako na biyu daga abincin cikin reshen ne, kada a ɗaga a duba, sai an ga farar saiwa ta leƙo ta ramin leda, wajen mako shida zuwa takwas. Ga irin da ke ƙin kamawa, a sauko da doguwar uwa ƙasa tana jikin shukar, a ɗan kankare ɓawo a ƙarƙashin ido, a binne wurin santimita 10, a danne da dutse, a bar kan a waje. Bayan wata uku zuwa shida a tona gefe a duba, idan saiwa ta cika a yanke daga uwar, a bar shi mako biyu a wurin kafin a ɗauke.